Kafin Ka Fasa Rediyon Kakanka: Sharhi Kan Bidiyoyin "Jar Zaiba"

A hutun babbar salla na je gida Argungu, na tarar an yi wa rediyon kakanmu aika-aika. Rediyon nan ya girme ni nesa ba kusa ba. Da shi marigayin yake jin labarun duniya bayan sallar asuba, kuma tun kafin rasuwarsa ya daina magana, aka ɗora shi a saman sif aka manta. Ɗan yayata, yaro ɗan aji biyar a sakandare, shi ne ya sauko da shi tare da abokansa, suka sa sukundireba da dutse. Akwatin ya tarwatse, an yage lasifikar an cire maganaɗisu, allon kayan ciki kuma yana yashe a gindin darbejiya.

Na ce masa, "Kai, mi yak kai ka?"

Ya ce, "Kawu, makuri muka nema. An ce kuɗɗi na masu yawa."

Sai ya miƙo min waya ya nuna min bidiyon. Na san da yawa daga cikinku kun ga irinsa a TikTok ko Facebook, ko an turo muku a WhatsApp. A kan waɗannan bidiyoyi nake son yin magana, domin na zauna na kalli da dama bayan na dawo makaranta, kuma abin da ya fi ɓata min rai ba ƙaryar da ke ciki ba ce kaɗai. Suna koya wa yara su kalli allon rediyo kamar buhun da ake zazzagewa, alhali abu ne da ake karantawa.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Za a nuna tsohon rediyo ko talabijin mai ƙusumbi, hannu ya buɗe bayansa, sai hoton ya yanke. Idan ya dawo, ga wata 'yar kwalba da jan ruwa a ciki, wai red makuri, wato jar zaiba. Daga nan sai "gwaji": a kawo tafarnuwa ruwan ya gudu, a kawo zoben zinariya ya biyo, a sa madubi a ce ba ya fitowa a ciki. Lura da wurin da hoton yake yankewa. A duk waɗanda na kalla babu guda ɗaya da ya nuna, ba tare da yankewa ba, lokacin da kwalbar ta fito daga allon. Babu wanda ya faɗi sunan ɓangaren da aka ciro ta, ko aikin da take yi wa rediyon. Wannan ita ce tambayar farko da duk mai gyara zai yi: injiniyan da ya tsara rediyon, me ya sa zai kashe kuɗi ya sa ta? Mai saye kuma kullum yana wata ƙasa, ba a taɓa ganin fuskarsa.

Maganar madubi ma ta isa ta rusa komai. Idonka yana ganin abu ne saboda haske ya dake shi ya dawo gare ka. Hasken nan da ya shiga idonka, shi ne dai zai daki madubi ya dawo. Abin da kyamara ta iya ɗauka kai tsaye, dole madubi ya nuna shi. Idan bai fito ba, to aikin mai gyaran hoto ne. Gudun tafarnuwa kuwa, maganaɗisu a ƙarƙashin tebur ko karkata faranti kaɗan ya wadatar.

Tatsuniyar ba a nan aka ƙirƙire ta ba. Ta yi ƙarfi ne a kasuwannin bayan fage na Turai wajen rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, inda ake sayar wa masu kwaɗayi wani abu da sunan sinadarin haɗa bam na nukiliya. A ƙasashen Larabawa sai ta sauya riga, aka haɗa ta da aljanu da kaburburan Fir'aunoni. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da ita, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, mutane suna kara wayar hannu a jikin allura wai idan sabis ya ɗauke to akwai. Har yau babu ɗakin gwajin da ya taɓa nuna wannan abu. Don a yi adalci: akwai sinadaran zaiba masu jan launi, kamar dutsen sinaba, kuma a da an yi ƙananan batura masu sinadarin zaiba kafin a hana su saboda guba. Amma waɗannan ba sa gudun tafarnuwa, ba su da tsadar da ake faɗa, kuma ba a liƙe suke a allon rediyo ba.

To me ke kan allon? A nan ne bidiyoyin suka fi cutar da mai kallo, don abin da suka tsallake ya fi abin da suka ƙirƙira daɗi. Bari in bi da ku allon kakanmu yadda na bi da yaron.

Fara da launinsa. Ruwan ƙasa ne, mara sheƙi, jan ƙarfen yana fuska ɗaya kawai, kayan kuma duk ƙafafunsu sun ratsa huda an liƙe su ta baya. Irin wannan takarda ce aka jiƙa da wani ƙaro mai suna finolik aka matse. Idan ya ji zafi yana da wari na musamman, duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran rediyo ya san shi. Launin kaɗai ba ya ba da shekara, don har yanzu ana amfani da irinsa a kaya masu arha. Amma idan ka ga babu ko ɗaya daga baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu jere kamar shanshani, waɗanda masu gyara ke kira aisi, ka fara zargin tsufa.

Sai tiransisto. Namu guda bakwai ne, kowanne cikin ɗan gwangwanin ƙarfe kamar kan harsashi, da ƙafa uku. A jikinsu akwai rubutu, kuma rubutun nan shi ne katin shaidar allon. Uku sun fara da 2SA, huɗu da 2SB. Wannan tsarin lamba na Japan ne: 2SA da 2SC na aikin igiyar rediyo ne mai saurin kaɗawa, 2SB da 2SD na aikin sauti ne, A da B nau'in PNP, C da D nau'in NPN. Da rediyon Turai ne, irin su Philips ko Grundig, da sai ka ga haruffa biyu a gaba, kamar AF117 ko AC128 ko BC108. A tsarinsu harafin farko yana gaya maka abin da aka yi ƙwayar da shi: A jamaniyam, B silikon. Waɗanda suka girme su ma suna farawa da OC, kamar OC44 da OC71. Na Amurka kuwa 2N ne. Lambar Japan ba ta faɗin jamaniyam ne ko silikon, sai ka sa mita. Ka juya ta wurin gwajin dayod, ka taɓa ƙafar tsakiyar aiki da ɗaya daga sauran biyun. Idan ta nuna wajen 0.2 zuwa 0.3 na bolt, jamaniyam ne. Idan 0.6 zuwa 0.7, silikon. Namu duka jamaniyam ne.

Wannan bambanci ne yake ba da zamani. An ƙirƙiro tiransisto a Bell Labs ta Amurka a Disambar 1947, kuma da jamaniyam aka fara. Rediyon tiransisto na farko da ya shiga kasuwa, Regency TR-1 na 1954, guda huɗu ne a cikinsa. Sony ta fito da nata a 1955, daga nan Japan ta mamaye kasuwar. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 silikon ya ture jamaniyam saboda ya fi jure zafi kuma ya fi arha. Ke nan allo mai jamaniyam zalla, mai lambobin Japan, da ƙananan taransifoma biyu kusa da wayar lasifika, kusan kullum ɗan shekarun 1960 ne ko farkon 1970. Ku tuna Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Irin wannan allo shi ne ya kai su gona da bakin kogin Matan Fada, wuraren da wutar lantarki ba ta je ba, da batir huɗu kacal.

Wani abin lura: tambarin kamfani a jikin tiransisto ba shi ne sunan rediyon ba. Masu harhaɗawa a Hon Kon da Taiwan suna sayen ƙwayoyin Toshiba da Hitachi da Matsushita su sa a nasu. Allo yana faɗin zamani da tsari, amma sunan samfuri a jikin akwati yake, ko a 'yar takardar da ake mannawa cikin murfin baya, wadda wani lokaci har da zanen haɗin wayoyi. Takardar nan ce yaran suka fara yagawa. Kuma kada ku ɗauka mutanen da ba su san damfara ba. A shekarun 1960 an yi ta gasar yawan tiransisto, har wasu kamfanoni suna liƙa matattu ko waɗanda ba a haɗa su da komai ba don a rubuta babbar lamba a gaban akwati, sai da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kai a 1968. Idan ka ga tiransisto da duk ƙafafunsa uku suka taru a ɗigon dalma ɗaya, ado ne.

Yanzu ga inda abin ya fi min ciwo. A tsakiyar allon akwai ƙananan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da kan sukuru mai fenti a samansa: ja, rawaya, fari, baƙi. Daga cikinsu guda ɗaya kaɗai yaran suka murƙushe da filaya. Kun san wanne.

A cikinsa babu komai sai siririyar waya da ta fi gashi laushi, an naɗe ta a kan ɗan ƙarfen farait. Fentin alama ce ta masana'antun Japan don ma'aikaci ya san gurbin kowanne. Aikinsu kuwa shi ne zuciyar rediyon. Tashoshi suna zuwa a kan mita daban-daban, kuma yana da wuya a gina na'ura ɗaya da za ta ƙarfafa kowace daidai. Dabarar da Edwin Armstrong ya yi suna da ita tun 1918 ita ce a mayar da kowace tasha zuwa ma'auni ɗaya kafin a ƙarfafa ta, kamar yadda shinkafa, ko a buhu aka kawo ta ko a kwando, sai an juye ta a mudu ɗaya kafin a yi ciniki. Mudun nan a rediyoyin Japan kilohaz 455 ne. Rediyon yana samar da tasa igiyar a ciki, wadda kullum take gaban tashar da kake nema da 455. Idan ka murɗa zuwa 594, tasa tana kan 1049. A gauraya biyun, bambancin ya fito 455. Mai jan kai shi ne yake samar da igiyar cikin. Rawaya, fari da baƙi su ne matatai uku da ba sa barin komai ya wuce sai 455. Murƙushe ja daidai yake da kashe matsakaicin zango gaba ɗaya. Na gajeren zango, wanda kakanmu ya fi amfani da shi, naɗinsa daban ne a gefe, kuma ya tsira ne kawai saboda ba shi da launi mai jan ido.

Shawara a nan, ko ga wanda bai yarda da makuri ba: kada ka sa sukundireba ka murɗa kawunan nan don "gyara". An saita su ne da na'ura a masana'anta, farait kuma kamar tangaran yake, yana tsagewa.

Idan rediyo ya mutu murus, me ya cancanci a cira? Ni ba na cikin masu cewa duk tsohon abu a sa shi a gilashi. Cire kaya daga matacce don a rayar da wani shi ne abin da masu gyaranmu suke yi tun fil azal, kuma daidai ne. Amma akwai mai daraja, akwai shara. Na farko shi ne abin kamo tasha, wato kafasita mai murɗawa, musamman mai faifan alminiyam da ke shiga tsakanin juna. Rediyoyin yau masu arha da yawa ba su da shi ma. Ƙwaya ɗaya ce take yin komai da lissafi, maɓallin da kake murɗawa kuma ɗan'uwan na ƙara murya ne. Sai baƙar sandar farait da naɗin wayarta, wadda ita ce eriyar matsakaicin zango, shi ya sa juya rediyo yake ƙara ko rage murya. Sai gwangwanayen nan huɗu, a cire su tare a ajiye tare. Sai ɗan dayod na gilashi da ke bayan mai baƙin kai, galibi 1N60 a na Japan, wanda da shi da sandar da kafasitar ɗalibi zai iya haɗa rediyon da ba ya buƙatar batir. Sai su tiransisto na jamaniyam, waɗanda manyan kamfanoni suka daina yi tuntuni. Masu gyaran tsofaffin kaya suna nemansu, haka ma makaɗan gita a Turai da Amurka saboda irin amon da suke bayarwa. Kada dai wani ya ji China ta taƙaita fitar da jamaniyam a 2023 ya ɗauka ya tsinci dami a kala: abin da ke cikin kowace ƙwaya bai kai ƙwayar gero ba. Darajarsa tana cikin yana aiki. Ka fasa shi, ka fasa kuɗin.

Sharar kuwa ita ce kafasitocin nan masu kama da ƙaramin batir. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, kuma ƙa'idar injiniyoyi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarsu da rabi. Ku auna da ɗakin kwano a Argungu cikin watan Afrilu, shekara hamsin. Yawancin rediyoyin da aka ce sun mutu, waɗannan ne suka bushe, ko batir ya yi yoyo ya cinye ƙarfen mazauninsa. Gyaran bai fi kuɗin katin waya ba. Ina kyautata zaton abin da ya kashe na kakanmu ke nan.

Yadda ake cirewa ma, bidiyoyin sun koyar da mafi muni. Akwai wani rukuni da ba sa maganar makuri, su zinariya da jan ƙarfe suke nema, sai ka ga an ɗora allo a kan garwashi ana bugawa kaya suna zubowa. Jamaniyam ba ya jure zafin da ya kai na tafasasshen ruwa, dalmar liƙi kuwa ba ta narkewa sai wajen digiri 183 zuwa 190. Shi ya sa mai gyara yake kama ƙafar tiransisto da filaya tsakanin ƙarfen liƙi da jikin ƙwayar, filayar ta shanye zafin, kuma ba ya wuce daƙiƙa biyu ko uku. Wuta tana kashe ainihin abin da ke da daraja. Zinariyar da aka shafa wa ƙafafun wasu tiransisto kuwa, ko ka tara na rediyo ɗari ba za ta biya gawayin ba.

Sai dalmar kanta. Liƙin tsofaffin alluna kuza ce kashi 60, dalma kashi 40. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010, a maƙwabtanmu na Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake daka a cikin gida, kuma yawansa ya ninka na allon rediyo ninkin ba ninkin, ba na kwatanta su. Amma hanyar shiga jiki ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannu, baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jinin yaro da za a kira lafiyayye. Yaron da ya ƙona allo a inda ƙannensa suke rarrafe, sannan ya sa hannu a kwanon tuwo, babu bidiyon da ya gaya masa ya wanke da sabulu. Talabijin mai ƙusumbi ya fi haka hatsari, don gilashinsa cike yake da dalma, yana iya fashewa, kuma yana riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe shi.

Ban ɗora wa ɗan yayata laifi da yawa ba. Yaro ne da ke ganin tsadar rayuwa, aka nuna masa miliyoyi a cikin abin da ke tara ƙura a saman sif. 'Yan gwangwan da ke zagaya unguwa da kura ma sun fi masu bidiyon gaskiya, don su a kan sikeli suke saye, ba sa yi wa kowa alkawarin aljanna. Wanda nake tuhuma bayan masu bidiyon shi ne mu. Na yi shekara huɗu ina karatun kimiyyar lissafin halitta, na zana alamar tiransisto a takardar jarrabawa ba adadi, amma ban taɓa riƙe na jamaniyam a hannuna ba sai a shagon wani dattijo mai gyara a Birnin Kebbi. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da jami'a a Aliero, da kwalejin ilimi a nan Argungu. Tsohon rediyo ɗaya ya ishi aji guda darasin sati uku. Gidan tarihi na Kanta ya adana mana makamai da kayan su na kakanni, abin da ya kawo musu labarin 'yancin kai da na yaƙin basasa kuwa ana auna shi a sikeli.

Wurin dattijon nan na kai allon. Ya juya shi sau biyu, ya ce, "Wanga ai ba ya mutu ba, kashe shi anka yi." Kafin in taɓa batir ya riƙe min hannu, ya tuna min abin da na sani a littafi amma na manta: a yawancin rediyoyin PNP na jamaniyam, ɓangaren jan batir ne yake haɗe da jikin allo, akasin kayan yau. Ka juya shi, ka iya ƙona abin da ya shekara hamsin lafiya. Mun gwada bakwai ɗin da mita, shida suna da rai, ɗaya daga na sautin yana yoyon wuta fiye da kima. Ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara a kan benci, ya tona, ya fito da mai jan kai guda biyu. Ya ce ɗaya zai iya dacewa, ya danganta da kafasitar kamo tasha, sai an gwada. Bai karɓi ko sisi ba. Allon yana cikin jakata a ɗakin kwanan ɗalibai, da sababbin kafasitoci biyar da lasifikar wani mataccen rediyo, kuma na gaya wa yaron idan na zo hutun ƙarshen zango shi zai riƙe ƙarfen liƙin.